Kati Shida a Hannu, Soja a Bayan Kwana

Ku bari in faɗa tun daga bakin ƙofa, kada wani ya zaci alƙalanci na zo yi: ni ɗan gani-kashe-nin Metal Gear Acid ne. Cikin duk faya-fayan da suka taɓa shiga bayan PSP ɗina, na ƙwallo da na tseren mota da na dambe, babu wanda ya daɗe a ciki kamar wannan, babu wanda ya sha mini batir kamarsa, babu kuma wanda ya sa na zauna shiru kamar an dasa ni, ido a kan soja ɗaya tilo, ina ƙirge da yatsu, zuciya na dukan uku-uku. Wasan kati ne fa. Kati!

Na san akwai masu taɓe baki a cikinku, kuma na san dalilinsu. Sony ta fitar da PSP a Japan ranar 12 ga Disamba, 2004, bayan kwana huɗu Konami ta saki Acid, ranar 16 ga wata, wato rana ɗaya da fitowar Metal Gear Solid 3: Snake Eater a can ƙasar. Ku dubi wannan haɗi don Allah. A dama ga Snake Eater da dajinsa da kadojinsa da ƙarshen nan nasa mai sa ƙato hawaye, a hagu kuma ga wani ɗan faifan UMD yana cewa ka zauna ka jira a zo kanka. Da na'urar ta isa Amurka a watan Maris na 2005, ta isa Turai a Satumba, yana cikin wasannin da suka rako ta. Jama'a suka saya da zaton za su riƙe Solid Snake a tafin hannu, su yi ta gudu da rarrafe da shaƙe wuya yadda suka saba, sai suka tarar an yanka ƙasa gida-gida kamar ta dara, ga katuna jere a gindin allo. Da yawa a ranar suka ajiye shi. Sun sauke tukunya tun ba ta tafasa ba.

Ni na hannu na sayi tawa na'urar, shekaru bayan ƙurar ta lafa, faifan kuma a cikinta na same shi. Ba wanda ya zuga ni, ba wanda ya kushe mini shi. Na kunna, na tura ɗan madannin nan na hagu, Snake ya ƙi motsi. Na sake turawa, shiru. Sai idona ya sauka kan katunan. Kafin a kira asuba na riga na kamu.

Kuna dai tune da tsarin. Ka shiga fili da ƙunshin kati talatin da kai da kanka ka tsara, hannunka ba ya ɗaukar fiye da shida, kowane zagaye a miƙo maka biyu, kuma a ƙa'ida biyu kake bugawa kafin yi ya bar hannunka. Har nan babu abin mamaki, duk wanda ya taɓa zama a tabarmar karta ya san wannan. Inda wuƙar take shi ne kusan kowane kati fuska biyu gare shi: ko ka yi aikin da aka rubuta a jikinsa, ko ka ƙone shi ka yi tafiya da shi, taku uku ko makamancin haka. Bindigar SOCOM ɗin nan mai shiru da ka daɗe kana jira, ita ce kuma ƙafarka. Abincin gwangwanin da zai dawo maka da jini, shi ne kuma hanyarka ta barin tsakiyar fili kafin kyamara ta juyo. Sau nawa na riƙe katin da nake ji da shi kamar ƙwai, ina lallaɓa shi zagaye bayan zagaye, ƙarshe na sayar da shi a kan taku uku saboda wani soja ya canza hanya? Abin da ciwo. Daɗin ma a cikin ciwon yake.

Amma zuciyar wasan, abin da ya sa nake cewa Shinta Nojiri, wanda ya ja ragamar wasan, da mutanensa sun yi gagarumin aiki, ita ce lambar nan da suka kira Cost, mu kuma muke ce mata kos. A dara, ka yi in yi ne, babu mai tsallake ɗan'uwansa. A nan kuwa lokaci bashi ne. Kowane kati da nauyinsa, duk wanda ka buga sai a ɗora maka nauyin a ka, kuma duk mai motsi a filin, kai da sojoji da komai, yana ɗauke da tasa lambar a fili kowa na gani. Wanda tasa ta fi ƙanƙanta shi ke da yi. Shi ke nan dokar. Amma ku dubi abin da ta haifa! Ga soja a bakin lungu ya juya baya, lambarsa bakwai. Kana da katin tafiya mai nauyin huɗu, kana da bindiga mai nauyi fiye da haka. In ka buga duka biyun yanzu, ka wuce bakwai, abokinsa na can gefe zai riga ka motsi ya gan ka tsaye a sarari kamar tsinken tsire. In ka buga na huɗun kaɗai ka tsaya, sai yi ya sake dawowa hannunka tun bai ɗaga ƙafa ba, ga sababbin katuna biyu, ga bayansa a buɗe, harbin baya kuma ya fi illa. Ka ga an mayar da tsoro lissafi. Abin da sauran wasannin Metal Gear ke sa ka ji a cikinka, lokacin da kake laɓe jikin bango kana kallon radar kana cewa yanzu ne ko tukuna, shi Acid ya ɗauko ya shimfiɗa maka a tebur, lamba-lamba, ya ce to bismilla, auna da kanka.

Shi ya sa raina ke sosuwa in na ji ana cewa wannan ba Metal Gear ba ne. Mene ne sanɗa in ba haƙuri ba? Tun 1987 da Hideo Kojima ya fito da na farko a kwamfutar MSX2, abin da wasan ke koyarwa ke nan: ka kalli sintirin mai gadi, ka haddace takunsa, ka jira, ka wuce. Acid tace wannan ya yi kamar mai tace koko, ya zubar da dusar saurin yatsa, ya bar tsantsar dabara.

Kuma duk kayan gadon gidan suna nan. Ka manne da bango ka ƙwanƙwasa, soja ya ji ya taho dubawa, kai kuma ka zaga ta ɗaya gefen. Ka kwanta ka yi rarrafe. A ƙarshen kowace tafiya ka zaɓi inda za ka fuskanta, wanda ƙaramin abu ne a ido amma ya sha raba ni da mutuwa. Gurnetin da ke rikita kyamara, gurnetin da ke sumar da mutum, nakiyar Claymore, C4 da ke zaune lafiya lau har sai katin tayar da shi ya faɗo hannunka, Nikita da kake tuƙawa da kanka ta bi lungu. Sai kwali. Jama'a, kwali! Akwai katin kwali, ka buga, jarumin da ya rusa Shadow Moses ya shige cikin kwalin kaya ya lafe, soja ya zo ya gifta ta gabansa, kai kuma kana kallon lambobi suna sauka ɗaya bayan ɗaya kana addu'a. In aka gan ka, alamar motsin ran nan ta tsaya a kan soja da ƙararta da kowa ya sani, kiɗa ya canza, ƙarin dakaru su fara shigowa, a nan za ka gane cewa hannun da ka tara don sanɗa ba hannun yaƙi ba ne. In kuwa ka gama fili ba a gan ka ba, ko ba ka kashe kowa ba, wasan ya saka maka da lada, ka tafi shagon kati da maki a aljihu.

Shagon nan kuwa, wayyo. Katuna 204 ne a wasan, ana sayensu a fakiti, kowane fakiti da sunan inda ya fito: na MGS1, na MGS2, na Chronicle mai tattara tsofaffi, da na MGS3. Buɗe fakiti kamar buɗe ƙullin tsaraba ne, ba ka san me aka ƙunso maka ba. Kuma ga mai ƙaunar wannan zuri'a, kowane kati gaisuwa ce daga tsohon aboki. Ka buga Cyborg Ninja, allo ya yanke, a nuno maka ɗan guntun bidiyonsa daga MGS1 na 1998, sannan takobi ya sauka kan sojan da ka nuna ko yana ina. Ka buga Psycho Mantis, kan abokin gaba ya juye. Ka ɗaura Fortune, harsasai su riƙa kauce maka yadda suke kauce mata a Big Shell. Ka buga Metal Gear REX, ƙaton ƙarfen ya tattake abin da ke gabanka, ya bar ka da bashin kos da za ka daɗe kana biya a tsaye. Aikin kowane kati ya dace da halin mai shi, ka san wanda ya tsara su masoyi ne irinmu. Ba su tsaya a gida ba ma, sun leƙa maƙwabta: ga Jehuty daga Zone of the Enders, ga mutanen Snatcher da Policenauts, ga na Ghost Babel, wasan Game Boy Color na shekarar 2000 wanda shi ma Nojiri ne ya ja ragamarsa. Wani lokaci nakan shiga jerin katunan kawai in yi ta kallon zanen Yoji Shinkawa da ke jikin wasunsu, layukan nan nasa masu kaifi, masu rawa, masu kama da an zana su da gashin tsuntsu cikin sauri. Ko wasa ban yi ba na ƙoshi.

Rabin rayuwata a wannan gem ɗin a ɗakin tsara dek, wato ƙunshin kati, na yi ta. Kati nawa na tafiya zan sa? In na cika Genome Soldier, zan yi sauri amma in rasa abin kare kai. In na cika bindigogi, zan yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi. Katunan rage kos fa, guda nawa? Na ƙara yawan bugu fa? Kati ɗaya za ka cire ka sa wani, filin da ya gagare ka sau biyar ya buɗe kamar an sa mabuɗi. Sa'ad da Teliko Friedman ta shigo tafiyar a gefen Snake, sai abin ya ninka, domin ita ma da nata ƙunshin, sai ka koma kamar mai gida biyu, kana raba kaya da adalci, wannan ya ja hankalin soja, waccan ta bi ta baya. A nan ne kuma na fahimci bindigogin ɗaurawa, waɗanda suka fi komai rikita sabon shiga: ka ɗaura bindiga a gurbi, sannan ka ɗora mata wani katin bindiga mai harsashi iri ɗaya kafin ta tashi. Da fari za ka ce wace irin wahala ce wannan. Bari ka ga soja ya harbe ka a lokacinsa, bindigarka ta mayar masa da martani nan take ba tare da an zo kanka ba. Bari ka buɗe gurabenka daga biyu zuwa huɗu, daga huɗu zuwa tara, ka jera rigar sulke da bindigogi da katunan taimako kamar mai jera kwanuka a ɗakin amarya. Daga ranar ba ka komawa baya.

Labarin kuma nasa daban ne, bai shiga sahun tarihin su Big Boss ba, abin da ya ba marubutan damar sakin jiki. Shekarar 2016 ce, an yi fashin jirgin sama mai lamba 326, a ciki akwai Sanata Viggo Hach mai neman shugabancin Amurka. Masu fashin abu ɗaya suke nema, wani sirri da ake kira Pythagoras, wanda ke ɓoye a cibiyar bincike ta tsibirin Lobito, a Jamhuriyar Moloni, ƙasar da aka ƙirƙira aka ajiye a kudancin Afirka. Sai aka tono Snake daga ritaya, Roger McCoy na CIA na ba shi umarni ta rediyo, tare da wata yarinya Alice Hazel mai ganin abin da ido ba ya gani. Har nan za ka ce ai mun saba. To su wa ke riƙe da jirgin? 'Yan tsana biyu! Elsie da Francis, masu fararen fuskoki da idanun gilashi, suna shawagi tsakanin kujerun fasinjojin da iskar guba ta sandarar, suna faɗan 'yan'uwa kamar yaran da aka aika ɗebo ruwa, suna kisa a tsakanin hirar. Ban taɓa ganin abin da ya haɗa ban dariya da tashin tsigar jiki irin nasu ba. Kuma da zane marar motsi da rubutu ake ba da mafi yawan labarin, babu doguwar murya, amma ku yarda da ni, daren da na fara ganinsu an ɗauke wuta, ɗakin duhu, hasken allon kaɗai a fuskata, sai da na waiwaya bayana. Daga nan aka shiga jefa wa Snake shakka a kan ko shi wane ne, ana kiransa da wani suna, Hans Davis, ga Leone da sojojin hayarsa, ga La Clown gwanin sauya kama wanda ya sa ka daina yarda da fuskar kowa, ga Metal Gear KODOQUE yana jira a ƙarshe. Ba zan ɓata wa wanda bai kai can ba. Iyaka dai in ka zaci ka gane mai gaskiya a rediyon nan, ka ƙara jira.

Ina da ƙorafi? Ina da shi mana, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ƙofofi! Kana da taku uku, ƙofa na gaba da kai taku ɗaya, dole ka tsaya a bakinta ta buɗe, sauran takun sun tafi a banza, sai ka sake ƙone wani katin ka shiga. Wa ya kawo wannan shawara? Kyamara ma takan ɓuya bayan bango a daidai lokacin da kake son ganin inda soja ya dosa. Akwai kuma zaman jiran kati ɗaya tak da fili ke bukata, kana zubarwa kana ja, kana zubarwa kana ja, kamar wanda aka tura kasuwa a wot, alhali ka san yana can ƙasan ƙunshi yana barci. Farkon wasan kuma bai iya koyarwa ba, yana jibgo maka dokoki ya wuce, shi ya sa mutane da yawa suka gudu kafin su kai ga nama. Duk na yarda. Amma ko ɗaya cikinsu bai taɓa sa na cire faifan ba.

Ga wani abin da ban cika jin ana yaba masa a kai ba: ya san na'urar da yake ciki. PSP madannin juyawa ɗaya gare ta, kuma duk wanda ya buga Portable Ops na 2006 ya san kokawar da yatsu ke yi da kyamara a can. Acid bai shiga wannan rigimar ba sam. Wasa ne da ke jiranka. Ana kiranka a tsakar gida, ka tura makunni sama ta yi barci, ka je ka dawo bayan awa biyu, sojan yana nan inda ka bar shi, lambarsa ba ta motsa ba. A mota na buga shi, a layin jira na buga shi, na kuma sha ajiye na'urar a cinya in rufe ido in tsara bugu uku masu zuwa a kaina, kamar yadda tsofaffin 'yan dara ke shiru suna kallon ƙasa kafin su ɗaga tsinke. Allon nan mai faɗi, inci 4.3, kamar don jeren katuna shida aka yanka shi.

Sai ƙaninsa, Metal Gear Acid 2, da ya fito a Japan cikin Disamba 2005, ya isa Amurka a Maris 2006. Kamar sun zauna sun saurari duk gunagunin da muka yi ne. Tafiya ta yi laushi, ƙofa ta daina cin kati, koyarwa ta gyaru, katuna suka haura 500, aka ba ka damar ɗaukaka kati zuwa mai ƙarfinsa. Launi kuma ya fashe, rawaya da shuɗi da ja masu ƙyalli, masu kauri, masu ihu, kamar littafin zane mai motsi. Ga Venus a madadin Teliko, mai sanyin magana da zafin hannu. Ga fagen Arena inda za ka kara da tsofaffin ogogi irin su Liquid Snake da Vamp da katunanka. Har da Solid Eye, wani ɗan akwatin kwali mai gilasai biyu da ake ɗorawa a kan allo a leƙa a ga hoto ya yi zurfi. Kwali dai, kwali dai, gidan nan ba sa rabuwa da kwali, ni kuma ina ƙaunarsu a kan haka. In ka tambaye ni wanne ya fi gyaruwa, na biyun ne, ba gardama. In ka tambaye ni wanne nake mafarkinsa, na farkon ne, da duhunsa da ƙurarsa da 'yan tsanarsa da ƙofofinsa masu taurin kai.

Har yau babu na uku, kuma duk sanda na ga sabon wasan tsara dek ya fito ana ta yayinsa, sai in ce a raina ai Snake ya riga ku shiga wannan lungun tun 2004. Konami, muna nan fa, ba mu watse ba.

Yanzu haka na sake faro shi daga farko da sharaɗin da na ɗora wa kaina: ba kisa, ba a gan ni. Na zubar da katunan bindigar FAMAS gaba ɗaya, na cika ƙunshin da katunan tafiya da na rage kos, na sa kwali biyu, na sa gurnetin suma, na bar katin ɓacewa ɗaya don ranar wuya. Jiya da dare na tsaya a wani dogon lungu, kyamara a sama, soja a kwana lambarsa biyar, ni tawa sifili, a hannuna kuma katin tafiya ɗaya ne tak mai nauyin huɗu. Na kashe allon a nan na kwanta da lissafin. Batir ya cika tun ɗazu, kuma ina jin na gano hanyar: in ƙwanƙwasa bango tukuna.